Shayarwa da Nauyin Jikina Bayan Haihuwar Fari: Yadda Ta Kasance Daga Ɗakin Haihuwa Zuwa Wata Tara

Na haifi 'yata ta fari a wani asibitin gwamnati da ke Birnin Kebbi cikin watan Oktoba na 2024, kuma daga wannan dare har yarinyar ta cika wata tara babu abin da ya rikita ni kamar maganar nono da maganar jikina. Tun ina zuwa awo nake jin mata a kan benci suna gardama, wasu na cewa shayarwa tana zuge mace har ta koma kamar budurwa, wasu kuma na cewa jego ne ke ɗora wa mace ƙibar da ba ta sauka har abada. Duka biyun sun same ni ɗaya bayan ɗaya, kuma a kowane karo na yi abin da bai dace ba saboda rashin wanda zai zaunar da ni ya yi mini bayani. Kafin in samu ciki nauyina kilo 58 ne, a awon ƙarshe kuwa an rubuta mini kilo 70 a kati, sai a riƙe waɗannan lambobi biyu domin a fahimci abin da ya biyo baya.

Naƙuda ta kama ni bayan sallar isha'i, maigida ya kai ni asibiti tare da gwaggona, muna riƙe da katin awo da jakar da aka ce mu haɗa tun cikin yana wata takwas, wadda ke ɗauke da safar hannu, auduga, leda, sabulu da zannuwa. Abin da muka biya a daren, tsakanin gado da magunguna da 'yan kayan da suka gaza, ya kai kusan Naira 18,000. Na haihu gab da kiran asalatu, aka ɗora yarinyar a sikeli ta ba da kilo 3.1, sannan ungozomar asibiti ta kwantar mini da ita a ƙirji tun ba a gama gyara ni ba, ta ce in ba ta nono nan take. Da na matsa, abin da ya fito ɗan ruwa ne mai kauri, launinsa rawaya-rawaya, bai fi ya cika ƙaramin cokali ba. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ɗiyata, wannan ba a ba yaro shi, a tatse a zubar, a ba ta ruwan ɗumi har nonon kirki ya kawo." Ungozomar ta amsa mata cikin ladabi da cewa, "Hajiya, dakashi ke nan, shi ne rigakafin farko na jariri, kuma cikinta yanzu bai wuce girman goriba ƙarama ba, wannan ɗan kaɗan ɗin ya ishe ta." Daga baya na tabbatar cewa wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, wato a fara shayarwa cikin awa ɗaya da haihuwa, a ci gaba da nono zalla har wata shida, sannan a haɗa da abinci har shekara biyu ko fiye. Abin da ba wanda ya gargaɗe ni a kansa shi ne murɗawar mara, domin duk lokacin da yarinyar ta kama nono sai in ji kamar naƙuda ce ta dawo. Da na yi ƙorafi aka ce mini tsotson ne ke sa jiki ya saki sinadarin da ke tsuke mahaifa ya rage zubar jini, don haka alheri ne, kuma cikin kwana uku ciwon ya lafa.

An sallame mu washegari bayan an yi wa yarinyar ɗigon foliyo da allurar ciwon hanta, amma allurar BCG ta tarin fuka sai da muka dawo wata rana, saboda kwalbarta ta yara da yawa ce, ana jira su taru kafin a buɗe. A kwana na uku nono ya kawo da ƙarfinsa, ya cika ya yi tauri kamar dutse, jikina ya ɗauki zafi, yarinyar kuma ta kasa kamawa sai kuka. Da na matsa mata ta kama, sai ta riƙe kan nonon kaɗai, kafin ranar suna duka biyun sun tsage suna fitar da jini. Kunyar ɗan fari ta ƙara dagula lamarin, domin gida cike yake da dangin miji, ni kuma ba na iya ɗaukar yarinyar a gabansu balle in buɗe ƙirji, sai in jira har ɗaki ya yi sarari, ita kuwa ta gaji da yunwa. A kwana na goma na ce wa maigida lallai ya mayar da ni asibiti. Mun isa ƙarfe takwas, ba mu ga nas ba sai wajen sha ɗaya, amma minti goman da ta ba ni sun fi duk shawarwarin da na sha ji amfani. Ta zaunar da ni ta sa matashi a cinyata, ta juyo cikin yarinyar ya manne da nawa, ta jira har ta wage baki sosai, sannan ta tura ta gaba yadda ta haɗiye kan nonon tare da mafi yawan baƙin da ke kewaye da shi, haɓarta na taɓa nonon, leɓenta na ƙasa ya juyo waje. Nan take na ji bambanci, zafin da ke sa ni cije leɓe ya ragu. Ta koya mini in tatse kaɗan da hannu idan ya yi tauri kafin in ba ta, in shafa ɗigon nonon a kan tsagar in bar shi ya bushe, in kuma shayar aƙalla sau takwas zuwa goma sha biyu a dare da rana. A sikeli yarinyar ta ba da kilo 3.0, hankalina ya tashi, amma ta ce jarirai kan ragu kaɗan a kwanakin farko su maido da nauyinsu wajen mako biyu, kuma muddin tana jiƙa ƙyalle sau shida ko fiye a yini to tana ƙoshi.

Bayan nan aka kai ni gidanmu a Jega domin wankan jego. Safe da yamma ana tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa mini a jiki, in fito in tarar da kwanon kunun kanwa yana jira, ga ƙauri da aka dafa da ƙafafun saniya da yaji da daddawa, ga tuwon shinkafa, ga fura da nono da rana. Inna ba ta yarda in ɗaga ko tsintsiya ba, kuma in na bar saura a kwano sai ta ce, "Ci ki ƙara, ba don ke ba ne, don yarinya ne." Ba zan taɓa raina wannan gata ba, domin hutun da na samu da abincin da na ci su ne suka sa nono ya wadata, kuma na ga matan da ba su da mai yi musu haka yadda suke wahala. Sai dai a mako na uku na fara jin jiri da bugun zuciya duk lokacin da na fito daga wanka, ƙafafuna kuma suka ɗan kumbura. Wata ma'aikaciyar lafiya da ke maƙwabtaka da mu ta auna hawan jinina ta ce ya ɗan haura, ta zauna da Inna ta faɗa mata cewa kanwa tana da gishiri mai yawa da ke tara ruwa a jiki, kuma tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego da ke yawaita kunun kanwa da zafi mai tsanani. Inna ba ta ji daɗin maganar ba da farko, amma ta yarda aka riƙa sirka ruwan, aka maye gurbin kunun kanwa da na gyaɗa da na tsamiya, kuma cikin mako guda kumburin ya sauka.

Da muka yi arba'in na dawo Birnin Kebbi, mako na shida ya zo daidai da ranar rigakafi. Na je asibitin shan magani na unguwarmu da katin yarinya, aka karɓi katunan aka jera bisa zuwa, muka saurari jawabin lafiya na kusan rabin awa, sannan aka fara kira. Rigakafin kyauta ne, ban biya ko sisi ba. An auna yarinyar ta ba da kilo 4.6, aka ɗiga alama a kan layin da ke cikin kati, nas ta yaba. A gefe akwai sikelin manya, na roƙa na hau, sai na ga kilo 67. Na tsaya ina kallon allurar, domin na san haihuwa kaɗai kan sauke kilo biyar zuwa shida tsakanin jariri da mabiyiya da ruwa, ashe abin da na sauke na mayar da rabinsa a jego. A nan na yi kuskuren da ya fi kowanne girma. Ranar da aka sallame ni daga asibiti an ce in dawo duba lafiyar uwa bayan mako shida, ni kuma na ɗauka wannan zuwan rigakafi shi ne, alhali layin rigakafi na jariri ne kawai, ba wanda zai auna jinin uwa ko ya tambaye ta yadda take ji sai idan ita ta je ta nemi ganin likita ko ungozoma da nata katin. Na koma gida da ɓacin ran ƙiba, ban san cewa abin da ya kamata in damu da shi yana cikin jinina ba, domin tun ranar suna na ajiye maganin ƙarin jinin da aka ba ni.

A makon da ya biyo baya wata ƙawata ta tura mini tallar shayin rage ƙiba a WhatsApp, an ce na ganye ne zalla, mai shayarwa ma za ta iya sha. Na biya Naira 8,000, na haɗa da daina cin abincin dare, na kuma riƙa ɗaure cikina da zane tamau. Kwana biyar na yi ina zawo, yarinyar ta riƙa fitina da dare tana saki tana sake kama nono, ni kuma ƙishirwa ba ta barina. Da na nuna wa wani mai ilimin haɗa magunguna kwalin, ya ce yawancin irin wannan shayi ganyen wanke ciki ne dangin filasko, ruwa yake fitarwa daga jiki ba kitse ba, kuma ga kwalin babu lambar NAFDAC, hukumar da ke kula da ingancin abinci da magunguna. Na zubar da sauran. A rigakafin mako na goma na tambayi nas game da tumbin da ya ƙi komawa, ta ce mahaifa kan koma girmanta cikin mako shida, amma fata da naman ciki da suka shafe wata tara suna buɗewa suna bukatar watanni, kuma ragewar da ba ta cutar da mai shayarwa ita ce kamar rabin kilo a mako. Ta ƙara da cewa samar da nono kaɗai yana cinye wa uwa ƙarfin abinci kimanin kalori 500 a kullum, don haka mace mai shayarwa abinci take bukatar ƙarawa, ba ragewa ba.

Hutun haihuwata na mako goma sha biyu ya ƙare a watan Janairu na 2025, na koma makarantar da nake koyarwa. Nakan tashi kafin asuba in shayar, in tatsi nono a kofi mai murfi in bar wa ƙanwar maigida ta ba ta da cokali, tunda an ce nonon da aka tatsa yana iya kai wa kimanin awa huɗu a ɗaki, mu kuma ba ma dogara da firij saboda yanayin wuta. Ƙarfe goma da rabi in hau kabu-kabu in dawo gida in shayar, in koma aji. A wannan zirga-zirga karin kumallo ya zama ruwan shayi da burodi, wani lokaci ma ba ko shi, abincin rana kuwa sai la'asar. Nauyina ya fara sauka da kansa, a ƙarshen Janairu na ga kilo 61, na yi murna sosai, kayan da na ajiye suka fara shiga. Gashina ma ya riƙa zuba duk lokacin da aka tsefe kitso, wanda daga baya aka ce mini abu ne da aka saba gani daga wata na uku bayan haihuwa kuma yakan tsaya da kansa.

Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, lokacin da zafin Kebbi ya fara kankama, yarinyar kuma tana shiga wata na biyar tana tsotso fiye da kowane lokaci. Kowa a gida ya ce zafin nan ya yi yawa a bar jaririya ba ruwa, har surukata ta ce, "Ku 'yan boko kuna son kashe yarinya da ƙishi." Na roƙe ta haƙuri na maimaita mata abin da aka koya mana, cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ruwan da za a ba ta zai cika mata ciki ya rage tsotso, yana kuma iya kawo gudawa. A wannan na tsaya da ƙafafuna, amma a kan kaina na gaza, domin na ɗauki azumi ba tare da na tambayi kowa ba. A rana ta goma sha ɗaya ina rubutu a allo sai na ga duhu ya rufe ni, na dafa tebur na zauna, wata malama ta kamo ni zuwa ofis. A lokacin zobena yana zamewa daga yatsa, ƙasusuwan wuyana sun fito, mutanen da suka ce na yi ƙiba su ne suka dawo suna cewa yarinya ta tsotse ni, in haɗa mata da madarar gwangwani ko in fara ba ta kunu.

Washegari maigida ya kai ni babban asibiti. Katina na awo bai yi aiki a sashen marasa lafiya na waje ba, sai da muka yanki sabo a Naira 1,000, muka jira fiye da awa guda kafin a fito da fayil. A teburin nas aka auna hawan jini aka ce ya yi ƙasa, na hau sikeli na ga kilo 54, wato ƙasa da nauyina na kafin ciki da kilo huɗu. Sai wajen azahar na shiga wurin likita, mace ce mai natsuwa, ta ja fatar idona ta duba, ta dubi tafin hannuna, ta tambaye ni jinin da na zubar a haihuwa, abin da nake ci a yini, ko al'ada ta dawo, ko ina yawan gumi da rawar hannu, ko ina yawan kuka da rashin barci ba dalili. Ta rubuta gwajin yawan jini da na zazzaɓin cizon sauro da na suga, waɗanda suka ci Naira 4,500 a ɗakin gwajin asibitin, sakamako ya fito bayan awa biyu. Ta kuma rubuta gwajin tayirod, wato halittar nan ta maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo, domin ta ce takan rikice wa wasu mata a watannin bayan haihuwa ta sa su rama. Wannan sai a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa muka yi shi a Naira 20,000, muka jira kwana uku, kuma kwana ukun nan ban yi barcin kirki ba saboda fargaba. Tayirod ya fito lafiya, suga lafiya, babu zazzaɓi, amma awon yawan jinina, wanda ake kira PCV, ya nuna 27, wanda ta ce ƙarancin jini ne a fili. Ta ce mini, "Malama, nono ba shi ya kayar da ke ba, jiki yakan fifita yaro ya ɗebo daga ajiyar uwa, ke kuma kin daina zuba wa ajiyar komai. Da kin zo duba lafiyarki a mako na shida da mun kama wannan tun da wuri." Ta rubuta maganin ƙarin jini na wata uku, ta ce kada in sha shi da shayi domin yana hana jiki ɗaukarsa, ta kuma ce kada in yaye yarinyar ko in haɗa mata da komai kafin ta cika wata shida.

Game da azumi maigida ya tambayi malaminsu, ya ce shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwame idan ta ji tsoron cutuwa ga kanta ko ga ɗanta, kuma a mazhabar Malikiyya za ta rama ta kuma ciyar. Na sha sauran kwanakin, na koma cin abinci sau uku da ɗan abin taɓawa a tsakani: kunun gyaɗa da ƙosai da safe, kwaɗon zogale, wake da shinkafa, hanta sau biyu a mako, busasshen kifin Yawuri a cikin miyar kuka, da gorar ruwa a gefena duk lokacin da zan shayar. A cikin watan ne kuma aka yi wa yarinyar allurar farko ta rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wadda aka fara bayarwa a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024, ana farawa daga wata biyar. Da ta cika wata shida a Afrilu aka ba ta sinadarin bitamin A, muka fara mata kunun gero mai kauri da aka haɗa da garin gyaɗa da waken soya, cokali biyu zuwa uku sau biyu a yini, nono kuma bai tsaya ba. A wannan zuwan ne ungozoma ta tunatar da ni cewa shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba, don haka muka je sashen tazarar haihuwa ni da maigida. Da na koma gwaji a ƙarshen Yuni jinina ya hau zuwa 35, a rigakafin ƙyanda na wata tara kuwa sikeli ya nuna mini kilo 58, ko da yake cikina bai koma yadda yake a da ba, kuma na daina sa masa ido.

Abin da na fahimta shi ne jikin mata ya bambanta ƙwarai a wannan lamari. Maƙwabciyata da muka haihu wata ɗaya ta shayar kamar yadda na shayar, nauyinta bai motsa ba sai bayan ta fara ba yaronta abinci, kuma lafiyarta ƙalau. Saboda haka ba na ganin daidai ne a yi wa mace alkawarin cewa shayarwa za ta rage mata ƙiba, haka kuma ba daidai ba ne a ɗora wa nono laifin ramarta a sa ta yaye yaro da wuri. Ramar da ke zuwa da jiri, haki, bugun zuciya ko farin ido ba ta murna ba ce, ta asibiti ce, haka ma kumburin ƙafa da wahalar numfashi a lokacin jego, da nonon da ya yi ja ya kumbura tare da zazzaɓi. Ƙanwata tana da ciki wata bakwai yanzu, na riga na gaya mata ta adana katin awonta bayan haihuwa, ta ci gaba da maganin ƙarin jini, kuma ranar mako na shida ta fita da wuri da kati biyu, idan an gama da jariri ta wuce wurin ungozoma ta ce a auna nauyinta da hawan jininta da yawan jininta. Ni kuma ina ci gaba da shayarwa da niyyar cika shekara biyun da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata, kuma duk ranar da na kai yarinyar awo nakan hau sikelin manya in rubuta nawa nauyin da fensir a bayan katinta.